Hoton Gini Na Kwamfuta: A Tambayi Haske Kafin A Sayi Siminti

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da alhazan birni, yau za mu taɓo wani sabon abu da ya shigo cikin harkar gini a Maraɗi da kewayenta. Da can, in mutum zai gina shago ko ɗaki, shi da magini suke zuwa fili, a ja layi bisa ƙasa, a kafa turaku, a ɗaure igiya, shi ke nan. Daga baya takardar fulan ta zo, mai layuka da lambobi waɗanda ba kowa ke iya karanta su ba. Yanzu kuwa hoto ne ke isowa cikin waya ta WhatsApp: ga shago an gama, karo yana ƙyalli, kantoci cike da kaya, haske ya wanke ko'ina, alhali kuwa ko bulo ɗaya ba a buga ba.

Samari suna ce wa wannan hoto 3D, masu sana'ar kuma suna ce masa randu. Abu ne mai amfani ƙwarai, domin wadda ba ta iya karanta fulan ba tana iya karanta hoto. Sai dai da yawa daga cikinmu da adashe da ribar shekaru muke gini, kuma bango in ya tashi ba ya komawa baya sai da asara. Abin da ya fi sayar da irin wannan hoto shi ne hasken da ke cikinsa, kuma hasken nan mutum ne ya zuba shi da hannunsa. Yana iya zuba na gaskiya, yana iya zuba na kwalliya. Shi ya sa muka ga ya dace mu san yadda ake yin sa, don kada mu yi cinikin biri a sama.

Yadda kwamfuta ke ƙirga haske

Mai zanen gini yana fara tada ginin cikin kwamfuta da awonsa: tsawo, faɗi, tsayin bango, wurin ƙofa da taga. Sannan ya gaya wa na'urar abin da kowane sashe yake, wannan siminti ne, wannan gilashi, wannan katako, wannan farin fenti. Sai ya kafa rana a sama, ya rataya fitilu, ya ajiye kyamara ta ƙarya a tsakiyar ɗakin. Daga nan aikin lissafi ya koma hannun kwamfuta.

Tushen lissafin tsoho ne. Wajen shekara 1000 da suka wuce, a birnin Alƙahira, malami Ibn al-Haisam ya tabbatar da cewa ido ba ya fitar da haske, haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya. Kwamfuta tana bin sawun wannan hanya ne, amma ta baya: daga idon kyamara take jan zaren haske zuwa bango, daga bango zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa taga, har ta iske inda hasken ya fito. Tana yin haka sau miliyoyi kafin hoto ɗaya ya fita. A 1980 wani masani a Amurka mai suna Turner Whitted ya nuna hoton ƙwallaye masu ƙyalli da aka yi ta wannan hanya, kuma hoton ya ci wa babbar kwamfuta ta lokacin fiye da awa ɗaya.

Cikin ɗaki ya fi waje wuyar lissafi. A tsakar gida rana ce ke dukan komai kai tsaye. A cikin ɗaki kuwa yawancin hasken aro ne: ya shigo ta ƙofa, ya faɗi ƙasa, ya yi tsalle zuwa bango, bango ya miƙa wa silin, silin ya raba wa kusurwoyi. Duk inda ya taɓa, wani kaso ya ɓace, kuma ya ɗauki launin wurin. A 1984 masana a jami'ar Cornell ta Amurka suka haɗa wani ɗan akwati, bango ɗaya ja, ɗaya shuɗi, suka gwada hotonsa na gaske da wanda kwamfuta ta lissafa, suka ga har jan da ke zuba bisa farin bango na'urar ta kamo shi. A 1986 James Kajiya ya tattara dukan lissafin cikin ƙa'ida guda, wadda manhajojin yau suke bi. Mai sayar da atamfa ta riga ta san wannan ba tare da boko ba: a shimfiɗa jan yadi a bakin ƙofa da rana, a duba farar shaddar da ke kusa, za a ga ta yi ja-ja.

Manhajojin da ake aikin da su sanannu ne. Akwai AutoCAD tun 1982, SketchUp tun 2000, V-Ray da aka ƙirƙira a Bulgeriya, Lumion, da Blender wadda kyauta ce ga kowa tun 2002. Abin ya kai inda ido ba ya iya rarrabewa. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA a ƙasar Suwidin ya sa hoton kujera na kwamfuta cikin littafin tallarsa a 2006 ba wanda ya lura, kuma zuwa 2014 wajen kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansa na kwamfuta ne. Saboda haka in kafinta ya nuna wa uwar amarya hoton gado da kujeru da ya samo a intanet, mai yiwuwa ɗakin nan ba a taɓa gina shi a ko'ina cikin duniya ba.

Ranar Maraɗi daban take

Kwamfuta ba ta ƙarya a lissafi, amma abin da aka ba ta shi take dafawa. Tambaya ta farko ita ce: ranar wane gari aka sa? In mai zane bai shigar da wurin ginin ba, SketchUp tana ɗauka ginin yana Boulder ta Amurka, garin da aka haifi manhajar, mai nisan digiri 40 arewa da tsakiyar duniya. Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kuwa suna wajen digiri 13 da rabi. Inuwar can ba ita ce inuwar nan ba.

A nan wajenmu, sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai tsakar ka, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, wajen ƙarfe 12 da rabi. Tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa. Da sanyi kuma ta koma kudu: a Disamba, da tsakar rana, tsayinta bai wuce digiri 53 ba. Ga abin da wannan ke nufi ga mai shago.

Ƙofar da ta dubi kudu, in tsayinta mita 2 ne, rana za ta shiga cikinta wajen mita ɗaya da rabi da tsakar ranar Disamba. Rumfa mai faɗin haka ta tare ta. Ƙofar da ta dubi arewa ita ce mai dacewa ga masu yadi, domin haskenta mai laushi ne, rana ba ta cika kutsawa ba sai da safe da yamma cikin bazara da damina. Ƙofar gabas tana shan hantsi ta huta. Ta yamma ita ce mai wahala. A Afrilu, wajen ƙarfe 5 na yamma, rana ta sauko zuwa kamar digiri 25, sai ta ratsa ƙofar nan mai mita 2 ta shiga har mita 4, wato har bangon ƙuryar shago. Rumfa ba ta tare ta, sai labule ko zana ko inuwar itace. A wannan wata zafi yana haura digiri 40. Atamfa ta koɗe, man shafawa ya narke, turare ya canza, mai saye ya tsaya daga waje yana kare ido.

To wannan rana ta la'asar ita ce masu hoto suka fi so, domin tana zuba ruwan zinariya bisa karo, hoton ya yi kyau kamar a lasa. Abin da ya ƙawata hoto shi ne zai ɓata kaya.

Sannan ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranakun da hazo ya rufe gari, sama takan yi fari fat, inuwa ta dushe, ƙura ta hau gilashi. Manhaja kuwa da shuɗin sama tas take zuwa. Katafaren gilashin da muke gani a hotunan Dubai da Turkiyya, a nan yana nufin zafi, da shara safe da yamma, da kuɗin na'urar sanyi.

Dabarun da ake ƙara wa hoto

Ba mu ce masu wannan sana'a mayaudara ne ba. Kowane mai talla yana goge kayansa, mai tumatir ma manyan take ɗorawa a sama. Amma mai saye ya san inda ake gogewa.

Na farko, fitilun ɓoye. Cikin kwamfuta ana iya rataya fitila wadda ba a ganinta, ba ta da waya, ba ta shan wuta. Ana sa ta bayan kyamara, ko cikin taga, ko ƙarƙashin kanta. In kuka ga ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya amma babu kusurwa mai duhu ko guda, to da walakin.

Na biyu, buɗe idon kyamara. Hasken rana a fili yana kai lukus 100,000, lukus kuwa shi ne mudun awon hasken da ya sauka bisa wuri. Cikin ɗaki mai ƙaramar taga yana iya kasa 100. Da juya maɓalli ɗaya mai zane zai mai da wannan duhu ya zama rana. Alamar ita ce taga ta yi fari ƙal, ba a ganin komai a waje.

Na uku, faɗin ido. Kyamara mai faɗin gani tana sa ɗaki mai mita 3 da 4 ya yi kama da zauren sarki. Ku duba gefen hoton: in kujera ko tukunya ta miƙe ta yi tsawo, an ja ɗakin. Wani lokaci har bango ɗaya ake cirewa, a tsayar da kyamara inda maƙwabci yake.

Na huɗu, kayan aro. Gado da kujeru da firji ana sauko da su ne daga intanet, ana kuma iya rage girmansu don su shiga. Jeren amaryar Maraɗi kuwa ba ya raguwa. Gado, da sif, da madubi, da kwalla, da tangaran, duk sai sun sami wuri, kuma sau da yawa sif ɗin ne ke toshe tagar da aka dogara da ita.

Na biyar sabo ne. Tun 2022 aka sami manhajoji masu ƙirƙirar hoto daga magana kawai, irin su Midjourney. Waɗannan ba sa awo, ba su san gabas da yammar filinka ba. Kwaikwayon hotunan da suka gani suke yi. Irin wannan hoto yana iya ba da shawara kan launi da fasali, amma ba a gini da shi. In aka ce mai zane ya juya ɗakin a gan shi ta wata kusurwa ya kasa, ko kayan suka canza wuri, to babu gini a bayan hoton.

Ranar da babu wuta

Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankinmu ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina. Ba mu manta ba, a Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Duk wanda ya yi kasuwa a watannin nan ya san bambancin shagon da ke da hasken Allah da wanda sai da janareto. Saboda haka hoton da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda aka kashe dukan fitilu a cikinsa.

Fenti ma fitila ce wadda ba ta shan wuta. Farin bango yana mai da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya same shi, siminti tsirara bai kai rabin haka ba, fenti mai duhu kuwa shanye kusan duka yake yi. Farin silin da fararen bangaye suna iya rage yawan ƙwayayen da za a saya. Taga ta sama kusa da silin tana jefa haske nesa cikin ɗaki fiye da ta ƙasa, tana fitar da iska mai zafi, kuma ba ta cin wurin kanta.

Ga lissafin fitilu a sauƙaƙe. A jikin kwalin ƙwan lantarki akwai lambobi uku da ya kamata a duba. Lumen shi ne yawan hasken: tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800, na zamani mai suna LED yana ba da haka da wat 9. Ƙa'idar Turai ta ce wurin sayar da kaya ya sami lukus 300, wurin ƙirgar kuɗi 500. Shago mai mita 3 da 4 faɗinsa murabba'in mita 12 ne. A ninka 12 sau 300, an sami lumen 3,600. Tun da wajen rabi yana ɓacewa a bango da kaya da ƙura, sai a nemi 7,200, wato dogayen fitilun LED 4 masu lumen 1,800 kowace. Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin ba ya yi, ko da hoto ya nuna ya yi.

Lamba ta biyu mai harafin K launin hasken ce: 2700 zuwa 3000 ja-ja ne kamar fitilar kwana, 4000 tsaka-tsaki, 6500 fari mai shuɗi-shuɗi. Ta uku, mai alamar CRI ko Ra, ita ke nuna ko fitilar tana faɗin gaskiyar launi. Mai 80 ta isa ɗakin kwana, amma mai sayar da shadda da leshi da zare ta nemi 90 ko sama. Shi ne maganin rigimar nan da muka sani, a sayi yadi cikin shago a matsayin ruwan toka, a fita waje ya zama kore, a dawo da shi ana faɗa. Akwai manhajar Jamus mai suna DIALux, kyauta ce, wadda ke fitar da adadin lukus na kowane lungu. Mai zanen da ya san aikinsa zai iya ba da lamba, ba hoto kaɗai ba.

Namu ma sun san haske

Kada a ɗauka wannan ilimi daga waje kawai yake. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka tada Maraɗi daga fadama aka mai da ita tudu, aka yanka unguwanni da miƙaƙƙun tituna. Tun daga nan titi ne ke zaɓa wa shago inda zai duba, ba mai shi ba. Amma tsofaffin magina na Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri sun san maganin rana: bango mai kauri, ƴar taga a sama, zaure mai sanyi, rumfa a gaba. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986 ba tare da kwamfuta ba.

Na zamani ma suna komawa can. Mariam Issoufou, ƴar Nijar, ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka kafin ta koma zanen gini ta buɗe ma'aikatarta a Yamai a 2014. A 2018 ta gama kasuwar Dandaji a jihar Tawa: shaguna na tubalin ƙasa da aka matse, da faya-fayan ƙarfe masu launi a sama, wani bisa wani kamar ganyen itace, suna ba da inuwa iska na wucewa. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci babbar kyautar Pritzker a 2022, ya sa an yanka tukwanen ƙasa an jera su cikin rufin ɗakin karatu na ƙauyensu Gando, haske yana saukowa ta bakinsu. Mu da muke da maginan tukwane a Jiratawa, wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. Amfanin kwamfuta na gaskiya ke nan: a gwada taga nan, a gwada ta can, a ɗaga rumfa, a canza fenti, duk kafin a kashe dala ɗaya a siminti. Kuma muna da yaran da za su iya, ga masu fitowa daga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, ga na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga waɗanda suka yi karatun zanen gini a makarantar EAMAU ta Lome.

Abin da za a tambaya kafin a biya

Hajiya, Alhaji, in an kawo muku hoto, ku yaba, sannan ku ce: "Malam, aiki ya yi kyau, amma muna da tambaya."

Ɗaya, ina gabas a hoton nan, kuma an sa Maraɗi cikin na'urar?

Biyu, a nuna mana ɗakin nan sau uku da fitilu a kashe: ƙarfe 9 na safe a Disamba, tsakar rana a Agusta, da ƙarfe 5 na yamma a Afrilu.

Uku, fitila nawa ke cikin hoton, lumen nawa, kuma duk suna cikin takardar kuɗin aiki?

Huɗu, a tsayar da kyamara a bakin ƙofa daidai tsayin idon mutum, a sa mutum a tsaye cikin ɗakin don a ga girmansa.

Biyar, a auna kayanmu na gaske, gado da sif da kanta da firji, a sa su da awonsu.

Shida, karon nan da fentin nan ana samun su a kasuwar Maraɗi ko Katsina ko Kano? A kawo samfur mu gan shi da rana.

Bakwai, ina fulan mai awo? Da shi magini ke aiki, da shi ake neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari. A buga hoton a takarda, a haɗa shi da fulan da jerin kaya, kowa ya sa hannu gaban shaidu.

Sannan ku je filin da kanku da la'asar, ku tsaya inda ƙofa za ta kasance, ku ga inda rana take. Wannan ba ya cin ko dala.

Mai zane na ƙwarai ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin amsarsu tana cikin na'urarsa, aikin ɗan lokaci ne. Kuma ya cancanci a biya shi haƙƙinsa, tun da kuɗin zane bai kai kuɗin fasa bango a sake taga ba. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuwa, ya nuna muku irin hoton da ya kawo. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa a gama gini lafiya a shiga lafiya.